Dalma da aidin: garin ruwan ɗorawa mai kyau a ido, mai guba a jiki

Kowane ɗan kasuwa ya san dalma, domin tana cikin batirin mota da na sola da ake sayarwa daga Maraɗi har Jibiya. Aidin kuwa shi ne ake sakawa a gishiri don maganin maƙoƙo. To, idan waɗannan biyu suka haɗu, sai su ba da wani gari mai launin ruwan ɗorawa, wanda masana ke rubutawa PbI2, wato ƙwayar zarra ɗaya ta dalma da biyu na aidin.

Ƙwayoyin suna jeruwa ne hawa-hawa. A kowane hawa, dalma tana tsakiya, aidin na sama da ƙasa, kuma kowace ƙwayar dalma tana da aidin shida kewaye da ita. Riƙon da ke cikin hawa ɗaya mai ƙarfi ne, amma tsakanin hawa da hawa ba shi da ƙarfi, kamar turamen atamfa da aka jibge. Shi ya sa yake ɓarewa siriri-siriri. Ruwan sanyi ba ya narkar da shi sosai. Ruwan zafi ya fi narkar da shi, kuma da ya huce sai garin ya sake fitowa yana ƙyalli kamar zinariya.

A shekarar 2009, wani masani ɗan Japan, Tsutomu Miyasaka, da abokan aikinsa suka yi amfani da shi wajen ƙera sabon nau'in sola. A lokacin kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana kawai yake mayarwa lantarki. Yanzu a ɗakunan bincike ya haura kashi 25. Sai dai mafi yawan farantan sola na kasuwanninmu na silikon ne.

Abin tsoron shi ne dalmar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ne a jini yana cutarwa, musamman ƙwaƙwalwar yara. A shekarar 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara. Kwallin dutse ma, galibinsa dalma ce haɗe da farar wuta.

Gishiri mai aidin ba shi da dalma, a ci gaba da amfani da shi. Amma masu fasa tsohon batir su nisanta da rumfunan abinci, su wanke hannu da sabulu kafin su ci, kada kuma a sa wa jarirai kwallin dutse. Rigakafi ya fi magani.