Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa Ta Waya: Amfaninsa da Iyakarsa

A ƙa'idar hukumar lafiya ta Ingila, NHS, wanda aka tura asibiti bai kamata ya wuce mako 18 bai fara samun magani ba, kuma ana so kashi 92 cikin 100 na masu jira su kasance cikin wannan wa'adi. Rabon da a cika wannan alkawari tun 2016, har ma a Satumban 2023 jerin jiran ya haura miliyan 7.7. Sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na cikin waɗanda abin ya fi matsa wa, domin ƙwararrun kaɗan ne, masu neman su kuwa tuli. Shi ya sa tun annobar korona a 2020 asibitoci suka rungumi duba wasu marasa lafiya ta waya ko bidiyo, suna keɓe kujerar asibiti ga waɗanda dole sai an taɓa jikinsu.

Tsarin yana da hujja mai ƙarfi. Yawancin cututtukan wannan sashe daga bayanin mai ciwo ake gano su. Ciwon kai, wanda ke sahun gaba a dalilan turo mutane, tambayoyi ne ke fayyace shi: yaushe yake tashi, ɓari ɗaya ne, yana zuwa da amai ko ƙin haske? Farfaɗiya ma haka, tunda da wuya ta tashi a gaban likita. Bidiyon da ɗan'uwa ya ɗauka da wayarsa lokacin da abin ya faru yakan fi doguwar tafiya zuwa asibiti amfani. Akwai kuma hanyar da likitan unguwa ke rubuta wa ƙwararre tambaya ta intanet ya samu shawara, sai a fara magani ba tare da mutum ya shiga layi ba.

Masu suka suna cewa likitan jijiyoyi da hannu yake aiki, kuma gaskiyarsu ne. Bidiyo ba ya jin sandarewar gaɓa irin ta cutar Parkinson, ba ya buga gwiwa da 'yar gudumar roba, ba ya leƙa cikin ido don ganin alamar matsi a ƙwaƙwalwa. Ga tsoho mai nauyin ji, ga wanda Turancinsa bai nuna ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne rabin awa a bidiyo rabin awa ce ta likita, kuma idan hirar ta ƙare da "sai ka zo mu duba ka", an ci gurbi biyu ke nan. To amma wannan suka ba ta rushe tsarin ba, ta dai nuna cewa nasararsa tana wurin tantancewar farko: ƙwararre ya karanta takardar turowa ya ware wanda waya ta ishe shi da wanda ba ta isa ba.

Shi kuwa mai jira, akwai alamun da ba a yi musu haƙuri. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar magana farat ɗaya alamun shanyewar ɓarin jiki ne. A kira lambar gaggawa ta 999 nan take, domin allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Haka ciwon kai mai tsanani da ya sauko lokaci guda. Wanda farfaɗiya ta fara kayarwa, ƙa'ida ita ce ƙwararre ya gan shi cikin mako 2. Wanda ciwonsa ya ƙaru yana kan layi ya koma wurin likitan unguwa a sabunta takardarsa, wanda kuma aka ba shi ganawar bidiyo alhali ba za ta yi masa ba ya nemi a mayar da ita ta ido da ido, ya nemi tafinta idan yana buƙata.