LUA: HARSHEN KWAMFUTA DA RASHI YA HAIFA

Duk wanda ya buɗe shafin Wikipedia na Hausa a wayarsa, ko a Potiskum yake ko a Sakkwato, yakan ga wani ɗan akwati a gefe mai ɗauke da taƙaitaccen bayanin gari ko mutum. Abin da ke tsara irin wannan akwati wani ƙaramin harshen kwamfuta ne da ake kira Lua, wanda Wikipedia ta fara aiki da shi cikin 2013.

Asalin harshen nan kuwa ƙasar Burazil ne. Daga 1977 zuwa 1992 gwamnatin ƙasar ta ƙuntata shigo da kwamfutoci da manhajojinsu daga waje, domin ta kare masana'antun gida. Hausawa sun ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Da saye ya gagara, sai masanan ƙasar suka shiga ƙera nasu. A Jami'ar Katolika ta birnin Rio de Janeiro akwai wani sashe mai suna Tecgraf da ke yi wa kamfanin mai na Petrobras aiki. A nan ne malamai uku, watau Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, suka fito da Lua cikin 1993. Kafin wannan suna da wani harshe mai suna Sol, watau rana a harshen Fotugal, saboda haka suka raɗa wa magajinsa Lua, ma'ana wata.

Yadda yake aiki ba zai yi wa mutanen Potiskum wuyar ganewa ba, tun da garin ya shahara da manyan motocin dako. Gangar jikin manhaja, wadda akan rubuta da harshen C, ita ce injin. Shi kuwa Lua a cikinta ake dasa shi, ya zama kamar direba. In ana son a sauya hanya, direba ake yi wa magana, ba sai an kwance inji ba. Ta haka ne mai na'ura ke iya sake mata umarni cikin ɗan lokaci, ba tare da an sāke gina manhajar duka ba.

Babbar fa'idarsa ita ce ƙanƙanta. Gaba ɗayansa bai kai megabait 1 ba, alhali hoto guda na wayar zamani ya fi shi nauyi. Wannan ya sa yakan zauna inda manyan harsuna ba su da masauki. Cikin 2014 aka dasa shi a wani ɗan guntun na'ura mai suna ESP8266, na kamfanin Espressif da ke Shanghai, a ƙarƙashin shirin NodeMCU. Wurin ajiyar bayanan aikin guntun nan kilobait 80 ne kacal, amma duk da haka yana iya auna ruwan tanki, ya kunna famfo, sa'an nan ya aika da labari ta intanet. Daidai ruwa, daidai tsaki. Har ila yau manyan kamfanonin wasanni ba su raina shi ba, domin da shi aka yi aiki a World of Warcraft da Angry Birds.

Ga garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma kuɗin babbar kwamfuta ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Kyauta ake samun Lua, kuma an yarda kowa ya gyara shi ya yi sana'a da shi. Ɗalibin Kwalejin Ilmi ta Tarayya (Fasaha) da ke Potiskum, in ya sami tsohuwar kwamfuta da guntu ɗaya da ƙaramin faifan hasken rana, ya riga ya mallaki kayan koyo. Saura malamai su sa shi cikin darasi, masu rijiyoyin burtsatse da 'yan kasuwar shanu kuma su kawo matsalolinsu a gwada warwarewa.