Darajar Shara Daga Cikin Gida Take Farawa

Ƙofar Kware na cikin ƙofofin tsohuwar ganuwar Sakkwato, kuma yau 'yan gwangwan ne ke ratsa lungunanta da kura, suna sayen ƙarfe da roba. Sai dai tun a tsakar gida ake yanke wa shara farashi. Gorar roba da aka ɗauraye, mai kunun aya ko zoɓo za ta saya. Wadda ta kwana cikin ragowar miya kuwa sai kwata. Gwangwanin lemo na alminiyam, in an ware shi, maƙera kan narka shi su zuba tukwane. Toka da ɓawon albasa da kashin awaki taki ne da manoman fadama ke nema, amma da leda ta shiga ciki an ɓata shi. Ita ce kuma ledar da mahauta kan tarar cunkushe a tumbin dabba.

Za a ce ruwan sha ma da ƙyar ake samu, ina na wanke shara? Gaskiya ne, amma ruwan ɗaurayar kwanuka da ake watsarwa ya isa. Wasu su ce kwashe shara aikin hukuma ne. Haka ne, sai dai motar shara ba ta tsince leda daga toka. Wanda ya zuba shi ke iya rabawa. Buhu biyu a gefen zaure sun wadatar. Gorar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur kuwa, don Allah a huda ta kafin a fitar, kada ta koma hannun mai zoɓo.