Ɓeran Masar Ba Rago Ba Ne, a Rage Masa Harawa

A cikin birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ba wuya ka tarar da gidan da yara ke kiwon ɓeran Masar a lungun tsakar gida, galibi tare da zomaye. Abincinsa kuwa duk abin da hannu ya kai ne: harawar wake ko ta gyaɗa da aka sayo wa ragon layya, ragowar alayyahu da zogale daga madafa, wani lokacin har da abincin kajin ƙwai. A ganin mai kiwo gata ya yi. Sai dai duk waɗannan cike suke da sinadarin kalsiyam, kuma wannan dabba, wadda asalinta tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, ta fitsari take zubar da abin da ya yi mata yawa. Fitsarin nata irin na masu cin ganye ne, marar tsami, inda kalsiyam ke saurin daskarewa. Shi ya sa inda ta yi fitsari ya bushe ake ganin farin tabo kamar alli. In tabon gari ne mai laushi, da sauƙi. In ka murza da yatsa ka ji gurzar yashi, to matsala ta fara.

Yashin nan ne ke dunƙulewa ya zama tsakuwa a mafitsara. Sai ka ga dabbar ta gantsare baya tana ƙara in za ta yi fitsari, jini ya biyo, ta ƙi cin abinci. Namiji ya fi shiga haɗari, domin hanyar fitsarinsa ta fi tsawo da ƙunci, tsakuwa na iya toshe ta ƙurmus. Kuma in tsakuwar ta riga ta girma, babu jiƙo ko canjin abincin da zai narkar da ita, sai tiyata. Wurin zuwa shi ne asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ba kantin magani na bakin layi ba, domin magunguna dangin fenisilin, irin su Ampiclox da ake saurin ɗura wa kowace dabba, suna kashe ƙwayoyin da hanjin ɓeran Masar ke dogaro da su, shi ma ya bi su.

Wani zai ce mun daɗe muna ba su harawa, ba mu ga komai ba. Gaskiya ne ba kowane ke kamuwa ba, kuma ƙarancin shan ruwa da rashin motsi suna da nasu hannu. Amma cutar ta fi bayyana a dabbar da ta manyanta, kuma in ta mutu a keji wa ke buɗe mafitsararta ya duba? Sai a ce sanyi ne. Lissafin kuwa a fili yake: masana abincin dabbobi sun ƙiyasta buƙatar ɓeran Masar a kusan kashi 0.8 cikin 100 na abincinsa, alhali abincin kajin ƙwai, da aka haɗa don ƙarfafa ɓawon ƙwai, yana ɗauke da kashi 3.5 zuwa 4.

Wani kuma zai zarce ya ce to a hana shi kalsiyam ɗin kwata-kwata. Wannan ma ɓarna ce. Haƙoransa ba sa daina tsiro har ya mutu, kuma 'ya'ya ƙanana da mai ciki da mai shayarwa suna buƙatar sinadarin sosai. Su ne ya dace a ba harawa. Babba kuwa, ciyawa irin su kyasuwa da harkiya da gamba, ɗanya ko busasshiya, ita ce za ta zama tuwonsa na kullum, don ba ta kai harawa kalsiyam ba. Zogale da alayyahu a bar su jefi-jefi. Kada kuma garin rage ganye a manta cewa ɓeran Masar, kamar mutum, jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa. Yankan tattasai ko gwaiba yana biyan wannan buƙata ba tare da lodin kalsiyam ba.

Lokacin da ya fi buƙatar lura shi ne rani zuwa bazara, sa'ad da ɗanyar ciyawa ta ƙare, harawa ta zama ita ce a kasuwa, zafi kuma ya tsananta. Mai kiwo ya yanki ciyawa tun ƙarshen damina ya shanya a inuwa ya adana, ya kuma riƙa canza ruwan sha safe da yamma, domin yawan fitsari ne ke wanke yashin kafin ya dunƙule.