Amurka: Yadda Ƙananan Hukumomi Ke Amfani Da Kuɗin Tallafi Don Raba Yara Da Giya

A kowace jiha ta Amurka doka ta hana a sayar da giya ga wanda bai cika shekara 21 da haihuwa ba. Sai dai kafa doka a babban birni abu ne mai sauƙi, wahalar tana bakin kanti da gidajen mai da mashaya, inda yaro zai miƙa kuɗi mai kaya ya miƙo kwalba. Wannan ɓangare na aikin a wuyan ƙananan hukumomi ya rataya, kuma da kuɗin tallafi da yawansu suke yin sa.

Tun farko ma da kuɗi aka kafa wannan iyaka. A 1984 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta ce duk jihar da ta ƙi ɗaga shekarun sayen giya zuwa 21 za a zaftare mata har kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gina hanyoyi da take samu daga tarayya. Jihar Dakota ta Kudu ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba gwamnatin tarayya gaskiya a 1987, ya zuwa 1988 kuwa babu jihar da ba ta bi sahu ba. Duk da haka yara ba su daina sha ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙiyasta cewa shan giyar ƙananan yara ya jawo asarar dala miliyan dubu 24 a shekarar 2010 kaɗai.

A 1997, zamanin Shugaba Bill Clinton, majalisar dokokin ƙasar ta ɓullo da wani shiri na ba garuruwa da gundumomi tallafi kai tsaye domin su kare matasansu daga giya da miyagun ƙwayoyi. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, iyakarsa dala 125,000 a shekara, har tsawon shekara biyar, sa'an nan ana iya sabuntawa sau ɗaya. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne sharuɗɗan da aka gindaya.

Ba a ba mutum ɗaya ko ofishi ɗaya. Sai gari ya kafa kwamitin haɗin gwiwa mai wakilai daga rukuni 12, cikinsu har da iyaye, da matasan kansu, da makarantu, da 'yan sanda, da malaman addini, da ma'aikatan lafiya, da 'yan jarida, da hukuma, da kuma 'yan kasuwa. Sau da yawa ƙaramar hukuma ko hukumar ilmi ta yankin ce ke riƙe asusun. Bugu da ƙari, kowace dala ɗaya da tarayya ta bayar sai garin ya kawo dala ɗaya tasa. A shekara ta 7 da ta 8 kason garin yana hawa zuwa kashi 125 cikin ɗari, a ta 9 da ta 10 ya kai kashi 150. An yarda a biya da abin da ba tsabar kuɗi ba, watau ɗakin taro da wani attajiri ya ba da aro, ko fili a gidan rediyo, ko sa'o'in da masu aikin sa kai suka ɓata. Ta wannan ƙofa ce 'yan kasuwa suka fi shigowa, kuma dabara ce mai kyau, domin wanda ya zuba dukiyarsa a abu ba ya barin sa ya lalace a gabansa.

Cikin ayyukan da irin waɗannan kwamitoci ke ɗaukar nauyi, wanda ya fi taɓa aljihun masu kantuna shi ne gwajin bazata. 'Yan sanda kan tura matashin da bai kai shekarun ba ya nemi sayen giya, su kuwa suna kusa. In mai jiran kanti ya sayar ba tare da ya nemi katin shaida ba, akwai tara, in aka maimaita ana iya dakatar da lasin kantin ko a soke shi. Wani bincike da aka yi a jihar Minnesota, aka buga a 2005, ya nuna cewa sayar wa yara na raguwa da zarar an yi gwajin, amma tasirin yana dusashewa cikin kamar wata uku. Ashe kenan aikin ba na rana ɗaya ba ne, kuma kowane zagaye yana cin kuɗin ƙarin lokacin 'yan sanda. Har ila yau akan horar da masu jiran kanti yadda za su gane katin jabu, wasu garuruwan kuma, musamman a Kalifoniya, sun kafa dokar cin tarar maigidan da ya bari yara suka yi shaye-shaye a gidansa.

Alƙaluma sun nuna sauyi. Ƙidayar da Jami'ar Michigan ke yi kowace shekara ta nuna cewa a 1997 kusan kashi 53 cikin ɗari na ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare sun sha giya a watan da ya gabaci ƙidayar, a 2019 kuwa adadin ya sauko zuwa kashi 29. Ba daidai ba ne a jingina wannan duka ga kwamitocin, tun da raguwar ta game ƙasar baki ɗaya, har da wasu ƙasashen Turai.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan shekara ta goma, lokacin da famfon tarayya ke rufewa. A 2006 majalisa ta ƙara wata doka da ta tanadi ɗan ƙarin tallafi, wanda ya fara da dala 50,000 a shekara, musamman don yaƙi da shan giyar yara, ga kwamitocin da suka taɓa cin moriyar shirin farko. Wannan da ƙyar ya biya albashin jami'i ɗaya. Sauran kuɗin sai majalisar ƙaramar hukuma ta nemo shi a cikin kasafinta, tare da na gyaran hanya da na kwashe shara, ko kuwa kwamitin ya koma ga 'yan kasuwar garin da ƙoƙon bara.