Sauya Fasalin Keken Goyo a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure: Abin da Ya Kamata Mai Keke Ya Auna

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba irin gyare-gyaren da masu kekuna suke yi wa kekunansu domin su ɗauki mutum biyu ko kaya masu nauyi, sa'an nan a gwada su da wani fasalin keke na mutum biyu da ake ƙerawa a ƙasar Jamus. Abin da za a nuna shi ne, amfanin kowane gyara ya rataya a kan abu uku: inda nauyi ya zauna, da irin hanyar da za a bi, da kuma ko mai gyaran keke na bakin kasuwa zai iya da shi.

2.0 Matsayin Keke a Yankin

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka soma zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya kafu sosai a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take kula da magudanan ruwan. Manomi yakan fita da buhun taki, ya komo da kwandon tumatir ko buhun shinkafa, kuma sau da yawa da ɗansa ko ɗan ƙwadago goye a baya. Babur ya karɓe wani ɓangare na wannan aiki, amma tsadar man fetur tun bayan janye tallafi a 2023 ta sa lissafin keke ya dawo wa mutane da dama.

Keken da aka saba da shi shi ne mai taya inci 28 da birkin sandar ƙarfe, watau fasalin Raleigh, wanda kamfaninsa ya taɓa yin masana'anta a Kano, da kuma Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya. An ƙera wannan keke ne domin mutum ɗaya da ɗan guzurinsa. Duk abin da ya wuce haka, dabarar mai keke ce da mai walda.

3.0 Gyaran da Aka Saba Yi

Gyara na farko shi ne a cire kariyar kamfani a sa ta rodi, mai faɗi da tsawo. Na biyu shi ne a ƙara sanduna biyu a gaba domin su tallafi ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Na uku kuwa shi ne a sa wayoyin ƙafa masu kauri. Ƙeran Ingila na dauri sun riga sun gane wannan, domin sukan sa waya 32 a ƙafar gaba, 40 a ta baya, saboda ita ce mai ɗaukar mafi yawan nauyi.

Aibin yana ga gyara na farko. Idan kariya ta zarce tsakiyar tayar baya, kayan da ke kanta sukan danne baya su ɗage gaba, kamar yadda ma'auni yake rinjaya. Tayar gaba sai ta rage kama ƙasa, kan keke ya riƙa rawa. A kan gaɓar magudanar ruwa, inda hanya take da ƙunci, ruwa kuma yana gefe guda, wannan rawa ita ce takan jefa mutum da kayansa cikin ruwa. Bugu da ƙari, ba a cika taɓa birki ba, alhali birkin sanda yakan yi sanyi da zarar ƙafar keke ta jiƙe, nauyin da ake so ya tsayar kuwa ya ninka.

4.0 Keken Mai Kishingiɗa a Gaba

Kamfanin Hase da ke garin Waltrop a Jamus yana ƙera wani keke mai suna Pino. Mutum na gaba yana zaune a kishingiɗe cikin kujera mai majingina, ƙafafunsa a miƙe, yana tuƙa feda. Na baya yana zaune a miƙe kan sirdi kamar yadda aka saba, kuma kan keke da birki suna hannunsa. Tayar gaba ƙarama ce, inci 20, tana ƙarƙashin kujerar; ta baya inci 26. Na gaba yana iya dakatar da tuƙi ya huta ba tare da ya hana na baya ba.

Fa'idar wannan tsari a fili take. Nauyin mutum na biyu ya sauko ƙasa, ya kuma rabu tsakanin tayoyin biyu. Matuƙi yana ganin wanda ya ɗauko, suna iya magana. Don haka ya dace da makaho, da yaro, da maras lafiyan da ake so a kai asibitin Kura daga ƙauye, wanda in an goya shi a kariya yana iya sulalewa ba a sani ba.

Sai dai kuma ƙaramar taya ta fi saurin nutsewa a rairayi da faɗawa cikin sawun tarakta. Sarƙarsa doguwa ce, ƙurar hunturu da taɓon fadama za su ci ta. Kayan gyaransa ba a samunsu a rumfar mai faci, kuɗinsa kuma ya fi na sabon babur nesa ba kusa ba.

5.0 Abin da Za A Ɗauka

Ra'ayin wannan takarda shi ne, a ɗauki hikimar fasalin, a bar keken inda yake. Ana iya yin haka ta hanyoyi huɗu:

(a) Kada kariya ta zarce tsakiyar tayar baya da yawa. Kwanduna su rataya gefe da gefe, a ƙasa, maimakon a jibga su a sama.

(b) A raba kaya, a sa wani kaso a kariyar gaba wadda aka liƙa a jikin keken, yadda ba za ta juya tare da kansa ba.

(c) Ga mai goyo, a yi wa kariya majingina da matakin ƙafa, da kuma shamaki tsakanin diddige da wayoyin taya, domin nan ne yara suka fi jin rauni.

(d) Duk wanda ya ƙara wa keke nauyi, ya fara da gyaran birki.

Akwai misalin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta ƙera keken Buffalo domin karkarar Afirka, kariyarsa tana ɗaukar kilo 100, amma ta bar shi a fasalin da kowane mai gyara ya sani. Nan gida ma, masu ƙera keken guragu a Kano sun daɗe suna yin kujera mai majingina da feda ta hannu daga bututun ƙarfe da kayan keke na kasuwa. Ashe ƙwarewar da ake bukata tana nan a hannu.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa ƙarfin rodi kaɗai ba ya sa keke ya iya ɗaukar mutum biyu lafiya. Shawara ga sassan koyar da fasaha na kwalejojin ilimi ita ce, su haɗa ɗalibai da masu walda na Kura da Bunkure su ƙera samfuri ɗaya ko biyu, a ba manoma su gwada tsawon kakar tumatir guda, a rubuta abin da ya karye da kuɗin gyaransa. Da wannan lissafi ne mai keke zai san gyaran da ya cancanci kuɗinsa.