Furotin ɗin da ke tona asirin cutar kansa a cikin jini

Yawancin matan da ke fama da kansar ma'ajiyar ƙwai ba a gano cutar sai ta riga ta bazu, lokacin da magani ya yi wuya. Wannan ne ya sa masu bincike a Amurka suka mayar da hankali kan wani furotin mai suna ORF1p, wanda suke fatan zai riƙa fallasa cutar tun da wuri.

Asalin furotin ɗin yana cikin kundin gado na DNA. Akwai wasu gutsattsarin ƙwayoyin gado da ke iya sauya mazauni a cikin kundin. Barbara McClintock ce ta fara gano irinsu a jikin masara, aikin da ya ba ta lambar Nobel a 1983. A jikin ɗan Adam, wani nau'insu da ake kira LINE-1 ya mamaye kusan kashi 17 cikin 100 na kundin. Akwai kwafinsa kimanin 500,000, amma kusan 100 ne kawai ke iya motsi har yanzu.

Lafiyayyar ƙwayar halitta takan ɗaure LINE-1 tamau. Idan kansa ta shiga, ɗaurin yakan kwance, sai ƙwayar ta fara ƙera ORF1p da yawa. A 2014, tawagar Kathleen Burns a Jami'ar Johns Hopkins ta samu furotin ɗin a kusan rabin ƙullutun kansar da ta duba.

Matsalar ita ce abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai, gwajin da aka saba ba ya ganinsa. A 2023, masana daga Harvard da Jami'ar Rockefeller da wasu cibiyoyi suka wallafa a mujallar Cancer Discovery cewa sun yi amfani da fasahar Simoa, mai ƙirga furotin ɗaya bayan ɗaya, sun gano ORF1p a jinin masu kansar ma'ajiyar ƙwai, da ta hanji, da ta maƙoshi da ciki.

Gwajin bai iso asibitoci ba tukuna. Ba ya nuna inda cutar take a jiki, kuma sai an gwada shi a kan ɗimbin mutanen da ba su nuna alama ba kafin a amince da shi. Kafin nan, wanda ya ga ƙullutu, ko zubar jini, ko rama ba dalili, ya hanzarta ganin likita.